Baƙo Ba Harshe A Ƙauyen Ƙanƙara Na Japan

Jirgin ƙasa mai tsananin gudu wanda ke tashi daga birnin Tokiyo ya nufi arewa maso yamma ba ya cika awa biyu kafin ya tsaya a tashar Iiyama, cikin lardin Nagano na ƙasar Japan. Wanda ya shiga jirgin nan a watan Janairu yakan baro Tokiyo rana tana haske, tituna a bushe, amma da saukarsa sai ya yi tsammani wata ƙasa dabam aka kawo shi. Gonaki da rufin gidaje da bakin hanya duk sun nutse cikin dusar ƙanƙara, fari fat har iyakar ganin ido. Daga tashar akwai sauran tafiyar kamar minti 25 a bas, ana ta hawan tudu, kafin a isa Nozawa Onsen, wani ƙauye da mutanensa ba su kai 4,000 ba, amma dubban baƙi ke kwararowa cikinsa kowane hunturu domin wasan zamiya a kan ƙanƙara.

Da yawa daga cikin baƙin nan ba su san ko kalma goma ta Japananci ba. To, ƙaƙa mutum zai kwana bakwai a garin da ba ya jin abin da ake faɗi, ba ya kuma iya karanta abin da aka rubuta, alhali wasan da ya kawo shi wasa ne da ake karya ƙafa a cikinsa, wani lokaci ma a rasa rai?

Wanda ya je Faransa ko Jamus ba ya jin harshensu, aƙalla zai iya haɗa baƙaƙe ya furta sunan titi, ya tambayi mai wucewa. A Japan ko wannan babu. Rubutu iri uku suke gauraya wa cikin jimla guda. Biyu daga ciki kowanne yana da baƙaƙe 46, na ukun kuwa, wanda suka aro daga ƙasar Sin, alamomi ne da ake bukatar mutum ya san fiye da 2,000 kafin ya karanta jarida a natse. Gaskiya ne tashoshin jirgi da manyan allunan hanya suna ɗauke da Ingilishi, a Nozawa ma akwai ma'aikata da malaman zamiya masu jin sa. Amma da zarar mutum ya bar babban titi ya shiga lungu, ya tsaya gaban tsohuwa mai sayar da tsimin ganye, ko gaban takardar da aka rubuta da hannu aka manna a ƙofar gidan wanka, sai ya tabbatar da maganar nan da ake yi, cewa baƙo ko yana da ido makaho ne.

INDA ƘANƘARAR TAKE FITOWA

Dalilin yawan ƙanƙara a wannan yanki ba boyayye ba ne. A lokacin hunturu iska mai sanyi ƙwarai, busasshiya, tana tasowa daga Saiberiya ta ratsa Tekun Japan, wanda ruwansa ke da ɗan ɗumi. Sai ta kwashi danshi ta yi nauyi, ta zo ta ci karo da duwatsun da suka raba babban tsibirin ƙasar gida biyu, ta sauke kayanta a gefen yamma. Shi ya sa Tokiyo, wadda ke bayan duwatsun, take zama a bushe. A ƙauyen Sakae, maƙwabcin Nozawa, akwai wata tashar jirgi inda aka auna tudun ƙanƙara mita 7.85 a watan Fabrairu na 1945, har aka kafa dogon turke mai nuna wannan tsawo domin masu shakka.

Shekaru aru-aru mutanen wannan ƙasa ba su ɗauki ƙanƙara abin wasa ba, wahala ce da ake haƙuri da ita har bazara. Wanda ya sauya musu ra'ayi kuwa shi ma baƙo ne da ba ya jin harshensu. Sunansa Manjo Theodor von Lerch, hafsan soja daga daular Ostiriya da Hangari, wanda aka aiko a ƙarshen 1910 ya duba yadda sojan Japan yake, bayan nasarar da suka yi a kan Rasha a yaƙin 1904 zuwa 1905. Aka tura shi barikin Takada, cikin lardin Niigata. Ran 12 ga Janairu, 1911, ya tara hafsoshi a kan wani tudu, ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, ya riƙe sanda guda ɗaya doguwa, ya gangaro suna kallo. Da Faransanci yake ba da umarni ana fassarawa, amma abin da ya fi koya musu ƙafafunsa ne suka koya. Har yanzu ranar 12 ga Janairu ita ce ranar tunawa da wasan zamiya a Japan.

Shekara guda bayan haka wasan ya iso Iiyama da Nozawa, a 1923 kuma mutanen ƙauyen suka kafa ƙungiyarsu ta 'yan zamiya. A 1930 wani mutumin Ostiriya ya sake zuwa, watau Hannes Schneider, shahararren malamin zamiya na garin St. Anton, ya nuna musu sabon salon zamiya. Akwai gangare mai tsanani a Nozawa wanda ake kira da sunansa, tun 1971 kuma ƙauyen ya ƙulla zumunci da St. Anton. Waɗannan baƙi sun bar sawunsu har cikin harshe. Filin zamiya a Japananci sunansa "gerende", sandar hannu kuma "sutokku", dukansu kalmomin Jamusanci ne da bakin Japanawa ya tanƙwara. Sa'ad da Nagano ta karɓi wasannin Olamfik na hunturu a 1998, a Nozawa aka yi gasar nan da ake haɗa tseren ƙanƙara da harbin bindiga.

A 1993 masu wannan wasa a Japan sun haura miliyan 18. Daga baya suka yi ta raguwa har suka kasa rabin haka, matasa suka koma birane, gidajen baƙi da dama suka rasa masu kwana. Waɗanda suka cike gurbin su ne 'yan ƙasashen waje, musamman mutanen Ostareliya, wadda ba ita ce Ostiriyar su Lerch ba. Saboda haka ƙauyen yana bukatar baƙon da ba ya jin Japananci, kuma ya koyi haƙuri da shi. Sai dai haƙurin yana da iyaka, kamar yadda za a gani.

RANAR FARKO A KAN DUTSE

Jarrabawar farko a kantin hayar kaya take. Za a miƙo wa baƙo takarda ya cika: tsawonsa, nauyinsa, girman ƙafarsa, da matsayinsa a wasan. Girman takalmi a Japan da santimita ake faɗinsa, don haka lambar da mutum ya saba da ita ba ta da amfani, gara ya miƙa ƙafar a auna. Tambayar nauyi da gwaninta kuwa ba bin diddigi ba ne. Akwai wani maƙalin ƙarfe da ke riƙe takalmi a jikin allon zamiya, an yi shi ne ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi, kuma da waɗannan amsoshi ma'aikaci ke sanin yadda zai ɗaure shi. Wanda ya nuna gurbin ƙwararru don bai gane rubutun ba, ko don jin kunya, za a ɗaure masa tamau, ranar da ya faɗi kuwa allon ba zai saki ba, gwiwarsa ce za ta murɗe. A nan ya kamata mutum ya tsaya, ya nuna da hannu cewa yau ya fara, ko da za a yi masa dariya. Ba a ma cika yi ba.

Daga nan sai a shiga wasu akwatuna masu tagogi da ke rataye a jikin waya, su ɗauki mutane sama. Dutsen sunansa Kenashi, ma'anarsa marar gashi, ko da yake itatuwa ne cike da shi. Tsawonsa mita 1,650, kuma daga ƙololuwarsa zuwa ƙauye akwai hanyar da ta kai kilomita 10 ana gangarowa. Sabon shiga ba ruwansa da ƙololuwa. Filinsa yana can inda gangaren yake a kwance, tare da yara ƙanana waɗanda za su riƙa wuce shi kamar iska.

A wannan fili ne rashin harshe ya fi sauƙi, domin gani ya kori ji. Abin da ake fara koya wa mutum shi ne tsayawa: ya kusantar da kawunan allunan biyu, ya ware bayansu, ya matsa gwiwoyi ciki. Malaman Japan sukan ce wa yara su yi "ha", saboda akwai wani baƙi cikin rubutunsu mai wannan suna wanda zane biyu ne, kawunansu a kusa, ƙafafunsu a ware. Baƙo ba sai ya san baƙin ba. Malami zai juyo ya fuskance shi, yana zamewa da baya, ya haɗa tafukan hannunsa yadda yake son allunan su kasance, ya dafa gwiwarsa ta dama in yana son a jingina nauyi a dama. Kafin la'asar mutum ya sha faɗuwa, ya kuma koyi tashi, ba tare da an yi jimla guda da ya fahimta ba. Ana iya cewa malamin da ba a jin harshensa wani lokaci ya fi, don ɗalibi ba ya samun damar gardama.

IGIYA DA ALLON GARGAƊI

Inda abin yake da hatsari shi ne sa'ad da baƙo ya fara jin ya iya. Hanyoyin dutsen an bambanta su da launi a taswira da alluna: kore na masu koyo, ja na matsakaita, baƙi na ƙwararru. Wannan kowa zai gane. Amma akwai igiyoyi da aka shata iyakar filin da su, da alluna masu jan rubutu da ke cewa "tachiiri kinshi", watau an hana shiga. A bayan igiyar ƙanƙara ce sabuwa mai laushi wadda ba wanda ya taka, kuma ita ce ke jan hankalin masu ɗan gwaninta. Can ne ake samun ramukan da ke gindin itatuwa, inda mutum kan faɗa da ka ya kasa numfashi, da rafuka da ƙanƙara ta rufe bakinsu, da gangaren da ke iya zaftarewa gaba ɗaya. Ran 29 ga Janairu, 2023, zaftarewar ƙanƙara a wajen filin wasa a yankin Otari, cikin wannan lardi na Nagano, ta kashe baƙi biyu, ɗayansu Ba'amurke ne, Kyle Smaine, wanda ya taɓa zama zakaran duniya a 2015. In haka ta sami gwani, ina ga ɗan kwana uku?

Hukumar ƙauyen Nozawa ba ta tsaya ga roƙo ba. A 2010 ta kafa doka cewa duk wanda ya fita daga iyakar da aka shata ya ɓace, har aka fita nemansa, shi zai biya kuɗin neman. Dokar ba ta ware wanda bai iya karatu ba, kuma daidai ne, domin igiya ba ta bukatar tafinta. Ma'aikacin sintiri da ya gitta hannuwansa biyu a gaban ƙirji ya gama magana: a Japan wannan alama ma'anarta a'a, kamar yadda zobe da aka yi da hannuwa a bisa kai yake nufin i.

Sauran abin da ya kamata ya zauna a kan baƙo lambobi ne. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. A watan Janairu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, ana kuma tsayar da injunan hawa kafin nan, wanda bai lura da lokacin da aka rubuta a tashar hawa ba sai ya tarar da kansa shi kaɗai a kan dutse duhu na shigowa. Wayar hannu tana taimakawa ƙwarai, don akwai manhajar da ke fassara rubutu idan an haska shi, wata ma ta fassara magana. Amma sanyi yana shanye batir da sauri, rubutun hannu kuma yakan rikita ta. Dabarar da ta fi tsufa ita ce ta fi aminci, watau mutum ya karɓi katin masaukinsa mai suna da adireshi da Japananci ya sa a aljihun ciki. Ko cikin ƙauye akwai abin kula: tituna ƙanana ne masu gangare da santsi, kuma ƙanƙarar da ta taru a kan rufi takan suɓuto lokaci guda. Wanda ya ga 'yan gari suna kauce wa gindin wani gini, ya bi sawunsu.

MASAUKI DA AKUSHI

Yawancin masaukan Nozawa gidajen iyali ne, mai gida da uwargida ke riƙe da su. Ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a sa silifa, a tuɓe silifar kafin a taka tabarmar ɗaki, akwai kuma wata silifar dabam ta bayan gida wadda fitowa da ita tsakar gida abin kunya ne. Bahaushe ba zai sha wuya a nan ba, domin tuɓe takalmi da karɓar abu da hannu biyu ba baƙin abu ba ne gare shi. Har yafuce ma iri ɗaya ce: Bajapane yana kifa tafin hannu ne ya kaɗa yatsu in yana kiran mutum, abin da Bature kan ɗauka korarsa ake yi. Idan kuwa ya nuna hancinsa da yatsa, kansa yake nufi. Ba a ba da tukwici a masauki ko gidan abinci, wanda ya bar canji a kan tebur sai a biyo shi da shi.

Abinci ne ke da wuyar sha'ani. Gidajen abinci da dama suna da hotuna ko samfurin roba, sai mutum ya nuna da yatsa, wasu kuma inji ne ake sa wa kuɗi ya fito da tikiti. Amma hoto ba ya faɗin abin da ke cikin romo. Taliyar da ake sha a kan dutse sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romonta, soyayyen naman da ake ɗora wa shinkafa da miyar kori ma galibi na alade ne, giyar shinkafa kuma tana shiga girki da yawa. Wanda ba ya cin waɗannan, ya nemi a rubuta masa haka a takarda da Japananci tun kafin ya baro Tokiyo, ya kuma sanar da masaukinsa tun wajen kama ɗaki, don uwargida tana shirya abincin dare ne bisa ƙidayar baƙinta, a lokaci ƙayyadadde. Kalmar alade "buta" ce a bakinsu, kada mai karatu ya ji an ambace ta ya yi tsammani ruwan alwala za a kawo. Shinkafa da kifi da ƙwai da tuffa ta Nagano suna nan a wadace, da tsimin ganyen nozawana wanda ya ɗauki sunan ƙauyen.

GIDAJEN WANKA GOMA SHA UKU

Kalmar "onsen" da ke cikin sunan ƙauyen ma'anarta maɓuɓɓugar ruwan zafi, kuma tun kafin a san zamiya ruwan ne ke kawo baƙi. Ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin digiri 31, sanyi ne idan an gwada da na nan. A wani wuri da ake kira Ogama ruwan yana kai wa digiri 90, 'yan gari suna dafa ganye da ƙwai a ciki, an kuma kewaye shi don kada baƙo ya shiga.

Akwai gidajen wanka 13 a warwatse cikin unguwanni. Ba na gwamnati ba ne, ba kuma na ɗan kasuwa ba. Mutanen kowace unguwa ne ke share nasu bi da bi, su biya kuɗin wuta, tun zamanin kakanni. Ba a sayar da tikiti, akwati ne kawai a bakin ƙofa, mai shiga ya jefa abin da ya samu. Watau baƙo yana shiga ne a matsayin wanda aka yi wa alfarma, kuma a nan ne rashin harshe ya fi jawo ɓacin rai, domin ƙa'idodin suna da yawa, mai faɗa masa su kuwa babu. Maza dabam, mata dabam, a wurare da yawa shuɗin labule na maza ne, ja na mata. Alamar namiji a rubutunsu hoton gona ce a bisa alamar ƙarfi, wanda ya riƙe wannan ba zai ɓata ƙofa ba. Sai an wanke jiki sarai a waje kafin a shiga kwarmin ruwa, sabulu ba ya shiga, tawul ma ba ya taɓa ruwan. Baƙo yakan ji zafin ya fi ƙarfinsa ya buɗe famfon sanyi ya bar shi yana zuba, ya lalata wa dattawan unguwa ruwan da suka saba da shi shekara saba'in. Abin da ya dace shi ne ya dubi dattijon da ya tarar, ya nuna famfon, ya jira a gyaɗa masa kai, sa'an nan ya rufe shi kafin ya fita.

Ba a shiga waɗannan gidaje da tufa ko kaɗan. Wanda tarbiyyarsa ba ta yarda da haka ba, ba dole: wasu masaukai suna da ɗakin wanka da ake kamawa mutum shi kaɗai, akwai kuma wuraren tsoma ƙafa kawai a bakin titi, inda mutum zai zauna da rigar sanyinsa ƙanƙara na sauka a kafaɗarsa.

DAREN WUTA

Wanda hutunsa ya faɗo a kan 15 ga Janairu zai ga bikin Dosojin, wanda gwamnatin Japan ta sa cikin al'adun da ake karewa tun 1993. Ana gina wata doguwar rumfa da gumaguman itace. Mazan ƙauyen masu shekara 42 su hau samanta su zauna, masu shekara 25 su tsaya a gindi suna tsaro, domin a al'adarsu waɗannan shekaru biyu na tsautsayi ne ga namiji. Sauran 'yan gari kuma su riƙa kawo hari da damman wuta suna neman cinna mata, samarin suna kare ta da rassan itace, fuskokinsu duk toka da ƙuna. Ana ɗaukar fiye da awa guda ana wannan artabu kafin na sama su sauko, a bar rumfar ta ci wuta.

Baƙo yana can bayan igiya tare da sauran 'yan kallo, ba ya jin waƙar da ake yi, ba ya kuma jin abin da ake sanarwa. Washegari da safe, kafin bas ɗin Iiyama ya tashi, idan ya bi ta filin zai tarar garwashin bai mutu ba, iyalai sun kewaye shi suna gasa curin shinkafa, don sun ce wanda ya ci ba zai yi mura ba a shekarar. Wata tsohuwa takan ɗago ta ga baƙo tsaye da jakarsa, ta kifa tafin hannu ta yafuto shi.